Reshen bankin ƙauyenmu, daga buɗewa zuwa rufewa

Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin banki ne, kuma kusan duk aikina a reshe ɗaya na yi shi, reshen da aka buɗe a ƙauyenmu. Da masinja na fara, na zama magatakarda mai riƙe da leja, daga baya na hau kanta a matsayin kashiya, a nan kuma na zauna har aka rufe wurin. Ba zan ambaci sunan bankin ba, ba zan kuma ambaci sunan garin ba, domin labarinmu bai bambanta da na ƙauyuka da yawa a Arewa ba. Yaran yanzu sun taso sun tarar da kango, suna wucewa ta gabansa ba su san me aka yi a ciki ba. Ina so a sani, tun waɗanda suka gani da idonsu ba su ƙare ba.

Ba roƙon mutanen gari ne ya kawo bankin ba, kuma ba sha'awar masu bankin ba ce. Doka ce ta kawo shi. A 1976 gwamnatin soja ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Pius Okigbo don duba tsarin kuɗi na ƙasa, kwamitin ya lura cewa bankuna duk sun taru a manyan birane, alhali mafi yawan jama'a suna karkara. Daga nan ne a 1977 Babban Bankin Najeriya ya fito da shirin kai bankuna karkara, ya rarraba wa bankunan kasuwanci garuruwan da dole kowanne ya buɗe reshe. Zango uku aka yi: rassa 200 a na farko, 266 a na biyu, 300 a na uku wanda ya ƙare a 1989. Namu yana cikin zangon farko. A lokacin an yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, an kuma fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, saboda haka malaman makaranta da ma'aikatan hukuma sun yawaita a ƙauyuka, ga albashi ana neman inda za a riƙa biyansu.

Ginin ba wani abin kallo ba ne. Ɗaki babba mai kanta da ragar ƙarfe, ofishin manaja, sai ɗan ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe wadda makullai biyu ke buɗe ta, ɗaya a hannun manaja ɗaya a hannun akanta. Babu wutar lantarki a garin, babu tarho. Janareto muke tayarwa idan akwai mai, in babu mu kunna fitilar ƙwai. Duk saƙon da zai je ofishin shiyya a birni, ni nake ɗaukarsa a jaka in bi motar haya. Cek ɗin wani gari kuwa sai ya yi makonni kafin kuɗinsa ya shigo.

Watannin farko zaman jira muka yi. Malaman makaranta ne kawai ke shigowa ƙarshen wata, su kwashe albashinsu kaf su fita. Manoma da mahauta da masu shanu sai dai su tsaya daga nesa su kalli ginin. Kuma ina ganin suna da hujja. Bai fi 'yan shekaru ba da aka canza fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, dattawa da yawa har lokacin da fam suke lissafi, naira biyu fam ɗaya. Ga mutumin da ya saba kuɗinsa na ƙarƙashin ƙasa cikin tukunya, ko a ƙafar dabba, ko cikin rumbu, ka ce ya miƙa wa baƙo ta taga a ba shi ɗan littafi a madadinsa. Sannan ga tsoron haraji, don ana raɗe-raɗin duk wanda ya kai kuɗi banki, hukuma za ta san abin da ya mallaka. Abu mafi nauyi kuwa shi ne maganar riba. Mutane sun ji cewa banki na ƙara wa mai ajiya kuɗin ruwa, su kuma sun san hukuncin haka a addini.

Manajanmu na farko ba ɗan garin ba ne, amma mutum ne mai haƙuri da sanin ya kamata. Bai zauna a ofis yana jiran jama'a ba. Yakan ce in raka shi, mu je fadar dagaci mu yi gaisuwa, mu je zauren liman, mu zaga rumfuna ranar kasuwa. Na tuna ranar da liman ya tambaye shi kai tsaye.

"Malam manaja, wannan ƙarin da kuke yi wa kuɗin mutane, daga ina yake fitowa?"

"Allah gafarta malam, daga ruwan da ake ɗora wa masu rance ne."

"To ka ga ba zan iya ce wa jama'a su ci ba."

"Akwai asusun da ba a ƙara masa ko kwabo, Allah gafarta malam. Abin da mutum ya zuba shi zai ɗiba. Wanda kuma ya fi son littafin ajiya, ya rubuta mana cewa ba ya son ƙarin, ba za mu sa masa ba."

Liman bai ce a kai ba, bai kuma ce kada a kai ba, amma wannan gaskiyar da manaja ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba ita ta buɗe ƙofa. Bayan haka na sha rubuta wa mutane wannan takarda da hannuna, su dangwala yatsa a ƙasa. Sai a 2012 ne bankin Jaiz ya fara aiki a ƙasar nan a matsayin banki marar kuɗin ruwa, amma buƙatar tana nan tun wancan lokaci, mu da ke bayan kanta mun gan ta kullum.

Abin da ya ƙarasa jawo mutane gobara ce da gara. Wata shekara wuta ta ci wani sashe na gari cikin hunturu, wani dattijo mai fataucin dabbobi ya yi asarar duk abin da ya tara, domin a cikin jinka yake ɓoyewa. Ba a daɗe ba wani ya haƙo tukunyarsa ya tarar gara ta cinye rabin takardun. Ya zo mana da su cikin ƙyalle, hannunsa na rawa. Manaja ya zauna da shi, muka tsince waɗanda lambarsu ta tsira, aka aika birni aka canzo masa. Labarin ya zaga kasuwa kafin la'asar.

Yadda aikin yake a lokacin ya cancanci a faɗe shi, don wanda ya taso da waya a hannu ba zai gane ba. Kowane mai ajiya yana da shafinsa a leja, yana da katin da ke ɗauke da sa hannunsa ko dangwalensa. Da yawa da ajami suke sa hannu, kuma da ajamin da ke jikin takardar kuɗi suke gane naira biyar daga naira goma. Idan mutum ya kawo kuɗi, kashiya ya ƙirga a gabansa, a rubuta a littafinsa, a buga hatimi, a shigar a leja. Da azahar mu rufe ƙofa, daga nan kuma ainihin aikin yake farawa, domin ba mai tafiya gida sai lissafi ya daidaita har kwabo. Idan kwabo goma ya ɓace, sai a bi takardun ranar ɗaya bayan ɗaya, ko da za a kai isha'i. A da nakan ga tsananin ya yi yawa. Da na hau kanta na gane wannan tsananin shi ne abin da muke sayar wa mutane, domin ba mu da wata haja ban da amana.

Mata ba sa zuwa da kansu sai tsofaffi. Matan aure sukan aiko yaro ko wata gwaggo da kuɗin sana'arsu ƙulle a bakin zane, galibi sulalla. Ƙa'idar da manaja ya kafa mana ita ce, ko mijin mace ya tambayi abin da ke cikin littafinta, amsar ita ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, sai da izininta." Wasu mazan sun yi fushi, har ƙara aka kai mu wurin dagaci. Amma a cikin 'yan shekaru littattafan mata suka yi yawa a wurinmu ƙwarai, kuma su ne ba sa taɓa ajiyarsu sai da babban dalili.

Ranar da garin ya san amfanin reshen da gaske ita ce lokacin canjin kuɗi na watan Afrilun 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari. An sauya launin takardun kuɗi, an rufe iyakokin ƙasa, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kawo tsofaffi. Naira dubu biyar ce iyakar abin da za a canza wa mutum kai tsaye, abin da ya haura sai ya zuba a asusu ya kuma kawo takardar rantsuwa kan inda ya samo. Ban taɓa ganin jama'a irin ta kwanakin nan ba. Fulani daga rugage, manoma daga ƙauyukan da ke nesa da mu, wasu a ƙafa wasu a kan jakuna, suka kwana a gindin itatuwan da ke gaban banki. Kuɗi ya fito daga ƙasa yana warin danshi, wani ya manne sai an ɓamɓare a hankali. Sababbin kuɗin da aka aiko mana ba su isa ba, muka riƙa karɓa muna buɗe wa mutane littafi da alkawarin su dawo. Da ba domin reshen na kusa ba, da yawansu ba za su kai birni cikin wa'adin ba, dukiyarsu ta shekaru ta zama takarda. Mutanen da suka buɗe littafi bisa tilas a wannan makon, mafi yawansu ba su rufe ba har tsufansu.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi ci mini rai, wato rance. Ajiya rabin aikin banki ce kawai. Tun 1977 gwamnati ta kafa asusun lamunin rancen noma, wanda ke ɗaukar nauyin kashi 75 cikin ɗari na abin da manomi ya kasa biya, don bankuna su daina gudun manoma. An kuma umarci rassan karkara su ba da wani kaso na ajiyar da suka tara a matsayin rance ga mutanen yankin. A takarda tsarin yana da kyau. A aikace, ƙaramin manomi ba shi da takardar mallakar gona da zai jinginar, gonarsa ta gado ce, shaidarsa dagaci da maƙwabta. Ikon manaja kuma kaɗan ne, abin da ya wuce haka sai an aika birni. Takarda za ta tafi da bazara, amsa ta dawo bayan an yi noman farko, lokacin da kuɗin taki ba shi da sauran amfani. Mutumin da ya gaji da jira sai ya koma wurin masu ba-da-kaka, ya karɓi kuɗin buhu ɗaya da damina ya biya biyu da kaka.

Duk da haka, ɗan abin da aka bari a hannun manaja ya yi aiki, kuma dalilin shi ne mun san mutane. Idan mutum ya nemi kuɗin shanun huɗa da garma, ba sai mun nemi dogon bayani ba. Mun san gonarsa, mun san ko yana biyan bashin maƙwabta, mun san ko 'ya'yansa na taya shi aiki. Manaja yakan tambaye ni, "Kai ɗan gari ne, ya ka gan shi?" In faɗi abin da na sani tsakanina da Allah. Mukan haɗa manoma rukuni-rukuni su tsaya wa juna, kuma ba a cika samun wanda ya ƙi biya ba, don kunyar 'yan'uwansa ta fi masa tsoron kotu. Ko a shekarun farin 1983 da 1984, da amfanin gona ya lalace, mutane sun zo da kansu sun ce a ɗaga musu ƙafa zuwa baɗi, kuma suka cika. Bashin da ya maƙale mana a littafi, mafi yawansa na manyan mutane ne da suka zo da wasiƙa daga sama, ba na mai fartanya ba. Wannan na gani da idona, kuma ina faɗarsa duk inda aka ce talakan ƙauye ba ya biyan bashi.

Abin da ya rage bayan wannan ɗan rancen, mota ke zuwa ta kwasa zuwa birni da rakiyar 'yan sanda. Reshenmu ya zama kamar rijiyar da aka haƙa a ƙauye ana jan ruwanta ana kai wa birni, masu rijiyar kuma sai ɗan abin da ya zuba a bakinta. Kuɗin mahauta da na mata masu sana'a a gida shi ake ba manyan 'yan kasuwa a can. Amma idan ƙarshen shekara ya zo, ribar wannan rancen a littafin reshen birni take fitowa, namu littafin kuma ya nuna albashi da man janareto da kuɗin rakiya. Sai a ce reshen ƙauye ba ya kawo riba.

Daga 1986 abubuwa suka fara sauyawa. Gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka kuma sakar wa bankuna mara kan kuɗin ruwa. Wanda ya ajiye kuɗin sa guda a littafi, bayan 'yan shekaru ya zo ya tarar ba za su sayi maraƙi ba. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, ba ku ci mini ko kwabo ba, amma da a garke na bar su." Ban sami abin ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa. A wannan zamanin ne aka kafa Bankin Al'umma na People's Bank a 1989, sannan bankunan unguwa da na gari daga 1990, duk don a kai ga talakan da manyan bankuna ba su kai gare shi ba. Sai kuma shekarun durƙushewar bankuna suka biyo baya. A watan Janairun 1998 kaɗai an soke lasisin bankuna 26. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC, wadda aka kafa a 1988, naira dubu hamsin ce iyakar abin da ta lamunce wa mai ajiya a lokacin. Bankinmu bai faɗi ba, amma duk sanda rediyo ya ambaci wani banki ya rushe, washegari sai mu tarar da layi. Mutum ya karɓi kuɗinsa, ya ƙirga, ya juya su a hannu, sannan ya miƙo ya ce a mayar. So yake ya tabbata suna nan. Ban taɓa nuna wa irin waɗannan gajiya ba.

Ƙarshen ya zo ne bayan haɗewar bankuna. A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya sanar cewa dole kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Ban ce matakin ba shi da amfani ba, domin bankunan da suka rage sun fi ƙarfi, ajiyar mutane ta fi samun tsaro. Amma sababbin shugabannin bankinmu ba su san garinmu ba, a jadawali kawai suka gan shi. Lokacin kuma aiki ya koma kan kwamfuta, ana son kowane reshe ya haɗu da sauran ta na'ura, mu kuwa wuta ba ta tsayawa. Ga fashi da makami ya yawaita a hanya, kawo kuɗi da kai su ya zama kasada da tsada. Wasu baƙi suka zo daga hedikwata, suka duba littattafai na yini ɗaya, suka tafi. Ba su je fada ba, ba su shiga kasuwa ba.

Da takardar rufewa ta iso, hakimi da dattawan gari suka haɗa tawaga suka je birni. An karɓe su da mutunci, aka ce za a duba. Ba a duba ba. Aka mayar da asusun kowa zuwa reshen da ke hedikwatar shiyya, tafiyar da ke cinye wa mutum yini guda da kuɗin mota. Makon ƙarshe shi ne mafi nauyi a rayuwar aikina. Tsofaffi na zuwa suna rufe littafin da suka riƙe shekara ashirin da wani abu. Wata tsohuwa da ta fara ajiya da sulalla ta tsaya a gaban taga ta ce, "Yanzu ɗan nan, wa zan je in tarar a can wanda ya san ni?" Na ce, "Inna, akwai ma'aikata, za su kula da ke." Ta ce a ba ta kuɗinta. Na ƙirga mata, ta ƙulle a zane ta fita. An ba ni zaɓin komawa birni, na ga shekaruna sun ja, na karɓi sallama.

Yau idan ka shiga kasuwarmu za ka ga yara masu POS a ƙarƙashin lema, tun bayan da aka ba da izinin wakilcin banki a 2013. Ina yaba musu, kuma suna rage wahala. Ɗa yana Legas zai turo wa uwarsa kuɗi ta karɓa kafin ta gama alwala, abin da a zamaninmu sai ya ɗauki makonni. Amma mai POS cirewa da turawa ne aikinsa. Ba zai ba manomi kuɗin taki ba, ba zai gyara asusun da aka toshe ba, ba zai yi wa tsoho rajistar BVN da aka fara a 2014 ba in yatsunsa sun goge da noma. Kuma shi kansa sai ya je birni ya samo tsabar kuɗin. An ga haka a farkon 2023, lokacin sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Na zauna a ƙofar gida ina kallon mutane na cika motoci tun asuba zuwa birni, su wuni a layi su dawo hannu wofi, masu dabbobi na karyar da kaya don babu tsaba a gari. A 1984 ba mu da kwamfuta ko waya, amma ƙofar da za a ƙwanƙwasa tana cikin garin.

Akwai wani abu da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya isar. Lokacin da aka rufe rassa irin namu, ba kowa ne ya zo ya rufe littafinsa ba. Wasu suna ci-rani, wasu ba su da lafiya, wasu sun rasu iyalansu ba su san suna da ajiya ba. Wannan kuɗin bai ɓace ba, kuma canjin sunan banki ko haɗewarsa da wani ba ya soke haƙƙin mai shi. Ko a shekarun nan na raka magada fiye da ɗaya sun karɓo abin da mahaifinsu ya bari. Idan kun tarar da tsohon littafin banki a cikin akwatin mamaci, kada ku yar. Ku tambayi wane banki ne ya gaji wanda sunansa ke jiki, ku nemi takardar kotu da ke nuna ku ne magada, ku haɗa da shaidar rasuwa da katin shaidarku, ku je da littafin. In bankin yana cikin waɗanda aka soke lasisinsu, ofishin NDIC za ku nufa. Za a iya sa ku kai da komo, amma haƙƙin marayu ne, kuma yana cikin gadon da ya wajaba a raba.